Dannau, Wuƙar Jego da Tsohuwar Ɗakin Ƙurya

Assalamu alaikum ɗiyata. Ya jego, ya ƙarfin jiki? Allah ya raya mana yarinya, ya sa mai jin ƙanku ce.

Na saurari saƙonki har ƙarshe. Da gangan na ƙi kiranki, don na san gidan haya a unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Gana, kina magana a ɗaki ana jinki a bakin famfo. Shi ya sa na zauna na rubuta, ki karanta a tsanake idan yarinya ta yi barci.

Kin ce tun bayan suna, da asuba ta kawo jiki sai ki ji wani abu ya hau ƙirjinki. Idonki biyu, kina ganin ɗaki, kina jin numfashin jaririya, amma ko yatsa ba ki iya ɗagawa, kin buɗe baki ki kira mijinki murya ta ƙi fita. Wani dare har kin ga kamar mutum tsaye a bakin ƙofa, kina kuma jin kamar taku a saman ɗaki. Ita ma yarinyar tana zabura cikin barci. Surukarki ta sa miki wuƙa a ƙarƙashin matashi, ta ajiye wata a saitin kan jaririya, ta ce haka aka gada. Matan gida kuma sun fara raɗe-raɗin wai tun ranar da tsohuwar ɗakin ƙurya ta shigo barka ta ɗauki yarinyar abin ya soma. Kina tambayata ki bi al'adar ko ki bari, kuma ki hana tsohuwar shigowa ɗakinki ko kada ki hana.

Abin da ke hawanki dannau ne. Na san kin san sunansa, abin da ba a gaya miki ba shi ne yadda yake faruwa.

Barci ba abu ɗaya ne miƙaƙƙe daga kwanciya zuwa tashi ba. Yana juyawa, kusan kowane minti 90 mutum yakan shiga wani mataki wanda a cikinsa ake yawancin mafarki. Masu bincike a Shikago ta Amurka ne suka gano shi a 1953, da suka lura idanun mai barci na kai-komo da sauri a ƙarƙashin fata. A wannan matakin Allah ya hore wa ƙwaƙwalwa ta yi wa jiki dabaibayi, kamar yadda ake yi wa jaki da dare don kada ya faɗa gonar mutane. Rahama ce babba. Ba don ita ba, wanda ya yi mafarkin ana binsa sai ya tashi da gudu ya yi karo da bango, mai jego da ta yi mafarkin faɗa ta kai wa ɗanta duka. Idanu ne aka bari a sake, sai naman nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda ke jawo numfashi. To dannau shi ne hankalinki ya farka kafin a kwance dabaibayin. Ke kin tashi, jikinki bai tashi ba tukuna.

Nauyin da kike ji a ƙirji ma daga nan yake. Naman haƙarƙari na cikin waɗanda suka saki, numfashin barci kuma gajere ne. Tsoro ya kama ki, kina son jan dogon numfashi, ya ƙi jawuwa, sai ki ji kamar an zauna miki. Mutumin da kika gani a bakin ƙofa kuwa ragowar mafarki ne ya biyo ki cikin ɗaki, don ido ya buɗe alhali mafarkin bai gama yankewa ba. Duk tsawon da kike jin ya yi, da wuya ya wuce minti ɗaya ko biyu. Kuma ba banza yake zaɓar goshin asuba ba, a ƙarshen dare ne barcin mafarki ya fi tsawo.

A 2011 an tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, aka samu kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa yinsa, a cikin ɗalibai kuwa ya haura ɗaya cikin huɗu. Me ya haɗa ɗalibi da dannau? Karatun dare. Mu ma da muke aikin dare a ɗakin haihuwa a nan Kumasi mun sha shi, Musulminmu da Kiristanmu, ba wadda ta tsira don ta fi wata addu'a. Ƙarancin barci, barcin da ake katsewa, damuwa, da kwanciya rigingine, su ne ke jawo shi. Yanzu ki faɗa mini wanne ne babu a jikin mai jegon da ke tashi shayarwa cikin dare, ga baƙi da rana, ga zullumin haihuwar fari.

Wani abu nake so ki riƙe da kyau. Dannau ɗaya ne a duk duniya, amma kowa abin da aka tsorata shi da shi yake gani. A Masar aljani suke gani. A Sin su ce fatalwa ce ta danne su. Turawan da tsohuwar mayya suke gani zaune a ƙirjinsu, wasu Amurkawan yanzu kuma su rantse halittun wata duniya ne suka shigo musu ɗaki. Ke an riga an zuba miki maganar tsohuwa a kunne. Kada ki yi mamaki idan gobe inuwar nan ta ɗauko kamanninta, har da ɗan kwalinta. Idan haka ta faru, ki sani kunnenki ne ya kai ta ɗakin, ba ƙafarta ba.

Maganinsa barci ne. Bayan sallar asuba ki shayar da yarinya ki miƙa wa kakarta, ki koma ki kwanta. Da rana ma idan ta yi barci ki yi, wanki ba ya guduwa. Ki daina kwanciya rigingine, ki kwanta ta gefen dama yadda sunna ta koyar, ki karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki shafa. Shayi mai kauri da goro da dare, a haƙura da su. Idan ya zo kada ki yi kokawa da shi, kokawar ce ke ƙara tsoro. Ki ce a ranki dannau ne, yanzu zai wuce, ki mai da hankali ga motsa yatsan ƙafa ɗaya. Ki kuma gaya wa mijinki, in ya ji kina gurnani ya taɓa ki ko ya kira sunanki, sau da yawa taɓawar kaɗai ke warware shi.

Sai dai akwai abu biyu da ke shigowa da rigar dannau, kuma su nake tsoro, ba aljani ba.

Na farko zuciya. Idan kina farkawa da haki amma kina iya motsi, sai kin tashi zaune kafin numfashi ya dawo, ko ba ki iya kwanciya sai da matashi biyu ko uku, ko ƙafafu sun kumbura, ko ɗan zuwa bayi ya sa ki sheshsheƙa, wannan ba dannau ba ne. Akwai ciwon zuciya da ke kama mace a watannin farko bayan haihuwa. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi nazarinsa sosai a shekarun 1970, don ya yi yawa a can, suka danganta yawansa da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji da ɗawainiyar ciki kuma a ƙara mata kaya. Na san surukarki na dama miki shi, don mu ma an dama mana. Ki sha kunun gyaɗa, ki sha koko, na kanwar a rage shi ƙwarai. In kin ga ɗaya daga cikin alamun nan kada ki jira ranar awo, ki tafi asibitin Mamobi a ranar, in sun ga da hali su tura ki Korle Bu.

Na biyu gawayi. Ana son mai jego ta ji ɗumi, sai a shigo da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar launi marar wari, tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mutum ya tashi da ciwon kai da jiri, jiki ba ƙarfi, wani ma ba ya tashi. Janareta ma haka, shi ya sa a shekarun dumso, wato lokacin yawan ɗauke wutar lantarki, ake jin an wayi gari gida guda sun mutu a ɗaki ba rauni ba jini, unguwa ta ɗauka wai turen aljanu ne. Kurfoti ya kwana a waje. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne daga goggonki.

Takun da kike ji a saman ɗaki kuwa, kwanon rufi ne. Ya sha rana ya miƙe, dare ya yi sanyi yana tsukewa yana ƙara a jikin ƙusa. Sauran kuma kyanwoyin Nima ne, kin fi ni saninsu.

Zaburar yarinya lafiya ce. Duk jariri mai lafiya, in ya ji ƙara ko ya ji kamar an sake shi, zai ware hannuwa ya buɗe yatsu sannan ya dunƙule kamar zai rungumi wani. Mu a ɗakin haihuwa da gangan muke gwada wannan, jaririn da bai yi ba shi ke tayar mana da hankali. Zuwa wata huɗu, iyaka shida, za ta daina. Maƙwabtanmu Asantawa suna da tasu fassarar, cutar jarirai da suke kira asram, wadda suke cewa mugun ido ke kawowa, kuma na ga yadda wannan magana ke sa a zauna da jariri a gida ana jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure. Abin da za ki sa wa ido shi ne ƙin kama nono, zafin jiki ko sanyinsa, numfashi da sauri, idanu da tafin hannu su yi rawaya, cibiya ta yi ja ko wari, maɗiga ta faɗa ko ta kumbura. Kowanne cikinsu na asibiti ne, ba na hayaƙi ba.

To, wuƙa. Ni ma an sa mini, kakarki ce ta sa da hannunta, Allah ya jiƙanta. Ba zan ce miki ba ta aikin komai ba. Macen da ta yarda an tsare ta takan saki jiki ta yi barci, wadda ta yi barci kuma dannau ya rage mata, sai a ce wuƙa ta yi aiki. Surukarki ba mugunta take yi ba, iyakar abin da ta sani ke nan na kāre jikarta, kuma wadda ta bar gidanta ta zo tana dafa miki ruwan wanka safe da yamma ta wuce a yi mata gatsali. Amma ƙarfe mai kaifi ba ya kwana a shimfiɗar jariri. Ke da kanki kina laluben yarinya cikin duhu ido a rufe. Mijinki ne zai yi wa mahaifiyarsa magana, ba ke ba, kuma da lalama: a mai da wuƙar kubenta a ɗora a kan kabad, tana ɗakin dai ba ta fita ba. Batun ko ya halatta a jingina tsari ga ƙarfe, wannan na malamai ne, kuma na san abin da za su ce. Ki bar shi ya fito daga bakinsu.

Al'adunmu ba duka ne ke da haƙori ba. Ki tuna daren da wata ya yi zazzaɓi, yara su fito da gwangwani da murfin tukunya suna bugawa lungu-lungu wai rana ta kama wata, sai ta sake shi. Bambarawan Mali su kuma kyanwa suke cewa ta kama shi. Ba rana ba kyanwa. Duniya ce ke shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa masa, shi ya sa ba ya faruwa sai daren sha huɗu ko sha biyar. Ba ya faruwa kowane wata don hanyar watan ta ɗan karkace da kimanin digiri 5, yawanci sai ya wuce ta saman inuwar ko ta ƙasanta. Jan da yake yi hasken rana ne da ya ratso ta iskar da ke kewaye da duniya, irin jan da kike gani a yamma da magariba. Kina 'yar ƙarama ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da wata ya rufe rana a Ankara da misalin ƙarfe tara na safe, gari ya yi duhu kusan minti 3, inuwar ta wuce Togo da Benin ta bi ta arewacin Najeriya da Nijar. Rabon ƙasar nan da irinsa tun 1947. Amma tun da sauran watanni aka sanar da ranar da sa'ar a rediyo, har tabarau aka sayar na kallonsa. Abin da ake lissafa minti nasa tun kafin ya zo, gwangwani ba shi ya sa ya tafi ba. Duk da haka ban taɓa hana jikokina bugawa ba. Wa suka cuta? Su yi wasansu, in sun dawo na zaunar da su da lemo da tocila na nuna musu yadda inuwa ke faɗawa, sannan mu yi nafila raka'a bibbiyu a gida yadda Risala ta ce a yi a husufin wata.

Kuma kin san abin da ya faru ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu. Rana ta yi husufi, mutane suka ce don rasuwarsa ne. Yana cikin baƙin cikin ɗansa, amma bai bar maganar ta kwana ba. Ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Abu biyu sun faru rana ɗaya, ya hana a ƙulla su. Matan gidanku kuwa abin da suke yi ke nan: tsohuwa ta shigo, dannau ya zo, shi ke nan an gama shari'a. Mutum nawa suka shigo barka a makon nan? Mutum nawa suka ɗauki yarinyar? Me ya sa ba a ambaci matar mai gidan ba, ko hajiyar da ta zo da turmin atamfa? Don su suna da 'ya'ya maza da za su tsaya musu. A shekarun da na yi a Zango ban taɓa jin an kira uwar mai kuɗi mayya ba. Kullum gwauruwa ce, ko wadda ba ta haihu ba, ko wadda tsufa ya sa take magana ita kaɗai.

Za su ce miki ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne, ga dalilin tsaminsa na zayyana miki. Za su ce kambun baka gaskiya ne, sihiri ma ya zo a Alƙur'ani. Ban musa ba. Amma abin da aka ba mu a kai addu'a ce da neman tsari, ba a ba mu izinin nuna mutum da yatsa ba. Suratul Hujurati cewa ta yi a nisanci yawan zato, don wani zaton zunubi ne.

Na ga inda irin wannan magana ke kaiwa. A Janairun 1997 aka wayi gari a Ankara wai akwai masu gaisawa da namiji gabansa ya ɓace. Mutum ya kurma ihu a tasha, kafin a tambayi ba'asi an rufe wani da duka. An kashe mutane, abin ya bazu zuwa wasu garuruwa, sai da jami'an tsaro suka fito sintiri. Waɗanda likitoci suka duba kuwa komai nasu na nan. Tsoro da sanyi kan sa jikin namiji ya tsuke, duk ma'aikaciyar asibiti ta san wannan, mai firgici kuma in ya laluba sai ya ji abin da yake tsoron ji. An yi irinsa a Singafo a 1967, can kuma naman alade aka ɗora wa laifi. Baƙo ne ya fi shan wuya a irin wannan rana, mu 'yan Zango kuwa mun san ko su wa ake fara kallo idan an ce baƙo.

Na kusa kuma ke ma kin gani a waya. A Yulin 2020, a Kafaba kusa da Salaga, garin da kakanninmu suka yi fataucin goro, wata mai duba ta nuna tsohuwa 'yar shekara 90 ta ce mayya ce. Aka yi ta dukanta a bainar jama'a har rai ya yi halinsa, mutane na tsaye suna ɗauka a waya. A 2023 kotu a Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce. A shekarar ce majalisa ta zartar da dokar hana kiran mutum maye, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba. Matan da ke zaune a Gambaga da Kukuo da Gnani, waɗanda aka koro daga garuruwansu da zargin maita, kowaccensu da raɗa aka fara mata, a bakin rijiya ko a gidan suna. Wani ya yi mafarki, wani yaro ya yi zazzaɓi.

Saboda haka kada ki hana ta shigowa. Gobe da hantsi, lokacin da mata ke tsakar gida, ki fito da yarinya ki miƙa mata da hannunki, ki ce Iya a sa mata albarka. Ta wanke hannu tukuna, kamar yadda kowa zai wanke, har surukarki. In an dama kunu a kai mata nata. Duk wadda ta sake kawo miki maganar, ki ce goggonki ungozoma ta ce gajiya ce, ki ɗora a kaina, na iya ɗauka. In kuma raɗar ta ƙi mutuwa, mijinki ya sami limamin masallacinku tun abin bai fita lungu ba, ya taɓo batun zato bayan sallar magariba ba tare da ya kama suna ba.

Ki sa a auna miki hawan jini ranar da za ki kai ta rigakafin mako shida, ki kuma gaya wa nas ɗin maganar barcin, kada ki ji kunya. In Allah ya yarda zan shigo motar safe daga Kumasi kafin ku yi arba'in, zan taho miki da daddawa da man kaɗe. Ki gaishe da surukarki da kyau, ki ce ina yi mata sannu da ɗawainiya. Ki gaishe da maigidan.

Goggonki, daga Aboabo.